Ranakun haihuwa uku a kan ciki ɗaya: wacce za a riƙa, kuma yaya ake bin girman tayi?

Tambaya: Likita, ina ɗauke da cikin fari, kuma an ba ni ranakun haihuwa har uku. Hailata ta ƙarshe ta fara ne ranar 10 ga Maris, sai ungozoma ta rubuta mini 17 ga Disamba a katin awo. Hoton ciki na farko da na yi ranar 2 ga Yuni ya ba da 26 ga Disamba, na biyu kuma da na yi ranar 17 ga Oktoba ya ba da 12 ga Disamba. Hailata kan zo ne duk bayan kwana 35. Wace rana ce ta gaskiya, kuma yaya zan san cewa abin da ke cikina yana girma yadda ya kamata?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya. Bisa ga abin da kika faɗa, ranar da ya dace ki riƙa ita ce 26 ga Disamba, wato wadda hoton farko ya bayar, kuma bai kamata wani hoto da za a yi nan gaba ya sauya ta ba. Ina so ki kai wa likita ko ungozomar da ke duba ki takardun hotunan biyu, a daidaita a kan rana ɗaya a rubuta ta a katinki, domin su ne suke ganin ki ido da ido, su ne kuma za su yanke shawara a kanki idan lokaci ya yi. Amma zan bayyana miki dalilin wannan zaɓi dalla-dalla, saboda macen da ta san inda lissafin cikinta ya samo asali ba ta ruɗewa duk lokacin da aka miƙa mata sabuwar takarda.

A aikin likita ana ƙidaya ciki ne daga ranar farko ta haila ta ƙarshe, a ba shi kwana 280, wato mako 40. Wannan ƙidaya ta haɗa da kusan mako biyu da mace ba ta ma ɗauki cikin ba tukuna, domin ƙwai kan fita ne wajen tsakiyar zagayen haila, kuma daga haɗuwar ƙwai da maniyyi zuwa haihuwa kusan kwana 266 ne, wato mako 38. An zaɓi fara ƙidaya daga haila ne don ita ce abin da mace ke gani ta iya tunawa, alhali fitar ƙwai ɓoyayyen al'amari ne. Ko wadda ta san ranar da ta sadu da mijinta ba za ta iya rantsewa cewa ranar cikin ya shiga ba, tun da maniyyi na iya rayuwa a jikin mace har kwana 5 yana jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya bayan fitarsa. Saboda haka duk inda kika ji an ce ciki ya kai mako kaza, a kati ne ko a takardar hoto, to wannan ƙidayar ta haila ake nufi, kuma da ita zan yi magana har ƙarshen wannan amsa.

Hanyar da ungozomarki ta bi tsohuwar ƙa'ida ce da ake danganta wa wani likitan haihuwa Bajamushe mai suna Franz Karl Naegele, wanda ya rayu daga 1778 zuwa 1851. Ana ƙara kwana 7 a kan ranar farko ta haila, a koma baya wata 3, sannan a ƙara shekara ɗaya idan lissafin ya buƙaci haka. A wajenki, 10 ga Maris da ƙarin kwana 7 ya zama 17 ga Maris, idan aka koma baya wata 3 kuwa sai a faɗa kan 17 ga Disamba. Da za ki ɗauki kalanda ki ƙidaya kwana 280 ɗaya bayan ɗaya, ko ki saka ranar a manhajar waya, za ki samu 15 ga Disamba, kuma wannan ɗan bambanci na kwana biyu ya zo ne daga rashin daidaiton tsawon watanni, ba shi da wani muhimmanci. Wadda take lissafi da watannin ganin wata kuma ta sani cewa ƙa'idar ba ta aiki a kansu, domin kwana 280 kusan wata tara da rabi ne a wannan kalanda, don haka gara ta ƙidaya makonni kai tsaye.

Raunin wannan ƙa'ida shi ne ta ɗauka cewa kowace mace hailarta na zagayowa ne duk kwana 28, ƙwanta kuma na fita a rana ta 14. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan haila ta gaba ita ce ba ta cika sauyawa ba, kusan kwana 14 ce ga yawancin mata, yayin da ɓangaren farko na zagayen shi ne ke tsawaita ko ya gajarta. Ke da zagayenki yake kwana 35, ƙwanki kan fita ne wajen rana ta 21, wato cikinki ya shiga kusan mako guda bayan lokacin da ƙa'idar ta zata. Da an tambaye ki tsawon zagayenki ranar da kika fara awo, da an ƙara kwana 7, lissafin ya koma wajen 22 zuwa 24 ga Disamba, kin ga ke nan ya matso dab da abin da hoton farko ya nuna. Wannan tambaya ɗaya, ta kwana nawa ne tsakanin haila da haila, ita ce aka fi mantawa da ita idan layin awo ya yi tsawo, kuma ina ganin ya kamata mace ta faɗa da kanta ko ba a tambaye ta ba.

Akwai wasu matan da lissafin haila ba ya yi musu aiki ko kaɗan. Wadda ta samu ciki tana shayarwa kafin haila ta dawo mata ba ta da ranar da za ta fara ƙidaya. Wadda ta bar allura ko ƙwayar tazarar haihuwa kwanan nan, da wadda hailarta ba ta da tsayayyen lokaci, fitar ƙwansu na iya jinkiri da makonni. Wata kuma takan ga ɗan jini a farkon ciki ta ɗauka haila ce, sai ta rage wa cikin wata guda cur ba ta sani ba. Ga irin waɗannan, hoton ciki da wuri shi ne madogara. Masu dashen ciki a asibiti ne kaɗai lissafinsu ya fi na kowa tabbas, domin an san ranar da aka haɗa ƙwan, kuma idan tayin da aka dasa ɗan kwana 5 ne, ana ƙara kwana 261 a kan ranar dashen.

Abin da ya ba hoton farko ƙarfi shi ne a makonnin farko kusan duk 'yan tayi tafiya ɗaya suke yi wajen girma. Tsawon iyaye, da jinsin jariri, da abin da uwa ke ci, duk ba su fara nuna tasirinsu sosai ba tukuna. Mai hoto yana auna tsawon tayi ne daga tsakar kai zuwa mazaunai, kuma har zuwa ƙarshen mako na 13 wannan awo yana faɗin shekarun ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Ranar 2 ga Yuni, lissafin hailarki ya ce cikin ya cika mako 12, wanda da haka ne da an ga tayi mai tsawon santimita 5 da ɗoriya. Tun da na'urar ta ba da 26 ga Disamba, abin da aka auna bai wuce kusan santimita 3 da rabi ba, wato tsawon ɗan mako 10 da kwana 3. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2017 wadda asibitoci da yawa ke bi: kafin mako na 9, idan hoto ya saɓa wa lissafin haila da fiye da kwana 5, a bi hoto, daga mako na 9 zuwa ƙarshen na 15, idan saɓanin ya wuce kwana 7, daga 16 zuwa 21, kwana 10, daga 22 zuwa 27, kwana 14, daga mako na 28 zuwa sama kuwa sai saɓanin ya haura kwana 21. Naki saɓanin ya wuce kwana 7 a lokacin da hoto ya fi daidai, ga kuma tsawon zagayenki ya ba da bayanin inda saɓanin ya fito, don haka hujja biyu suka haɗu a kan rana ɗaya.

Yanzu sai hoto na biyu, wanda a nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Bayan ciki ya yi nisa, 'yan tayi sukan rabu a girma kamar yadda yara 'yan aji ɗaya, masu shekaru ɗaya, suke bambanta a tsayi, har ba za a iya kallon tsayin yaro a faɗi watan haihuwarsa ba. Na'urar hoto ba ta san ranar da ciki ya shiga ba. Abin da take yi shi ne ta auna faɗin kai da kewayensa, da kewayen ciki, da tsawon ƙashin cinya, ta kwatanta da matsakaicin jariri, sannan ta buga ranar da ta dace da wannan girma. Idan jariri ƙato ne sai ta ce ya girmi shekarunsa ta jawo ranar haihuwa kusa, idan ƙarami ne sai ta tura ranar gaba. Ranar 17 ga Oktoba cikinki mako 30 ne cif a kan lissafin 26 ga Disamba, na'urar kuwa ta ga girman da ya yi kama da na mako 32. Tazarar mako biyu a wannan mataki tana cikin kuskuren da aka sani, wanda kan kai mako uku. Don haka saƙon da ke cikin takardar shi ne ɗanki na iya kasancewa ya ɗan fi matsakaici girma, ko kuma awon ne ya ɗan karkata. Abin da ya dace likitanki ya duba shi ne ko an yi miki gwajin ciwon suga na masu ciki, wanda aka saba yi tsakanin mako na 24 da na 28, da kuma yawan ruwan da ke kewaye da jaririn. Idan waɗannan lafiya lau suke, babu abin damuwa.

Haɗarin sauya rana ya fi tsanani idan abin ya juya ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ya sa nake dagewa a kan wannan batu. A ce jariri ɗan mako 34 ne, amma mabiyiya ba ta kai masa abinci da iska yadda ya kamata, sai girmansa ya tsaya a na mako 31. Na'ura za ta buga ranar haihuwa da ta yi gaba da mako uku. Idan aka karɓi wannan sabuwar rana, jaririn da ke cikin yunwa ya koma lafiyayyen ɗan mako 31 a takarda, babu wanda zai ƙara sa masa ido, babu wanda zai auna gudun jini a igiyar cibiyarsa, kuma za a bar shi a cikin mahaifar da ta gaza har ya wuce lokacin da ya kamata a fito da shi. Tsayawar girma a ciki na daga cikin manyan abubuwan da ke kai ga mutuwar jariri kafin haihuwa, kuma hanyar gane ta ita ce a riƙe shekarun ciki a tsaye, a auna girma a kansu. Aikin hoton farko tsayar da rana ne, aikin na baya kuwa duba ko jariri yana cika ma'aunin wannan rana.

Sauran shawarwarin da ake yankewa a kan mai ciki su ma a kan wannan ƙidaya suke rataye. Idan naƙuda ta taso da wuri tsakanin mako na 24 da na 34, ana yi wa uwa allurar da ke gaggauta nunar huhun jariri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sanin shekarun ciki da tabbaci cikin sharuɗɗan ba da ita. Uwar da jininta yake rukunin da ba shi da sinadarin Rh, wato rukunin da ake kira negatif, akan yi mata allurar da ke hana jikinta yaƙar jinin jariri wajen mako na 28. Haka nan shawarar tayar da naƙuda don ciki ya wuce lokaci. Da za a bi 12 ga Disamba a wajenki, ranar 19 ga Disamba za a ce kin kai mako 41 a fara maganar ɗaura miki ruwan naƙuda, alhali a gaskiya ranar kike cika mako 39.

Duk da wannan, kada ki ɗauki 26 ga Disamba a matsayin ranar da dole naƙuda ta zo. Kusan jariri ɗaya cikin ashirin ne kawai ake haifa a ranar da aka rubuta masa. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2013 ya bi mata 125 da aka san ranar fitar ƙwansu ta hanyar gwajin fitsari na kullum, ya samu matsakaicin tsawon ciki daga fitar ƙwai kwana 268 ne, amma tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo akwai tazarar kwana 37, bayan an cire waɗanda suka haifi bakwaini. Ma'anar wannan ita ce ko da an san farkon ciki ba tare da kuskure ba, ƙarshensa yana da faɗin kusan mako biyar. Haihuwa kafin mako 37 ita ce haihuwar bakwaini, daga 37 zuwa ƙarshen 38 ciki ya isa amma da ɗan sauri, 39 da 40 su ne cikar lokaci, 41 ya fara jinkiri, daga 42 kuwa ya wuce lokaci. A kalandarki, mako 37 zai cika ranar 5 ga Disamba, mako 41 ranar 2 ga Janairu, mako 42 kuma ranar 9 ga Janairu. Kayan haihuwa da shirin abin hawa su kammala kafin ƙarshen Nuwamba.

Game da girman tayi, yawancin abin mamakin yana faruwa ne tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan gangaro ta bututun mahaifa yana rarrabuwa, ya maƙale a bangon mahaifa bayan kusan mako guda, daga nan ne jiki ke fara fitar da sinadarin da gwajin fitsari ke ganowa wajen lokacin da haila ta ƙi zuwa. Zuciya kan fara bugawa kusan mako uku bayan shigar ciki, kuma ana iya ganin bugunta a hoto wajen mako na 6. A daidai wannan mako ne bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake rufewa, shi ya sa ake so mace ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tun tana neman ciki, domin wadda ta jira sai ta fara awo a wata na huɗu ta riga ta wuce lokacin da maganin ke kare wannan gaɓa. Zuwa ƙarshen mako na 10 an aza tushen dukan manyan gaɓoɓi, yatsu sun rabu, fuska ta fara kama siffa, alhali duka tsawon tayin santimita 3 zuwa 4 ne kawai. Waɗannan makonni ne magungunan da ba likita ya rubuta ba, da giya, da wasu cututtuka, suka fi yin ɓarna, kuma a cikin wata ukun farko ne mafi yawan ɓari ke aukuwa, galibi saboda matsala a halittar tayin kansa wadda uwa ba ta da hannu a ciki.

Daga mako na 12 mahaifa kan fara leƙowa saman ƙashin mara, laulayi ya fara sauƙi ga mafi yawan mata, ƙodar tayi kuma ta fara yin fitsari wanda daga baya shi ne mafi yawan ruwan da yake iyo a ciki. Mai cikin fari takan fara jin motsi tsakanin mako na 18 da na 20, wadda ta taɓa haihuwa kuwa tun wajen na 16, kuma idan mabiyiya tana bangon gaba na mahaifa motsin kan yi jinkirin bayyana. Wadda ta kai mako 24 ba ta ji komai ba ta je a duba ta. A mako na 20 saman mahaifa kan kai cibiya, nauyin tayi kusan giram 300, kuma tsakanin mako na 18 da na 22 ne ake yin hoton da ke bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, a duba kai, da ƙashin baya, da ɗakunan zuciya huɗu, da ƙoda, da wurin da mabiyiya ta zauna. Ba ki ambaci wannan hoton ba a tambayarki, don haka ki tambaya ko an duba waɗannan a hoton Oktoba, musamman mazaunin mabiyiya, domin idan ta tare bakin mahaifa hakan na sauya yadda za a shirya haihuwa.

Wajen mako na 24 nauyi kan kai kusan giram 600, jariri ya fara amsa ƙara, huhu kuma ya fara samar da wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan buhunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Wannan sinadari ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 36, kuma ƙarancinsa ne babban abin da ke wahalar da bakwaini. A mako na 28 nauyi ya haura kilo ɗaya kaɗan, idanu suna buɗewa. A inda kike yanzu, bayan mako na 30, aikin da ya rage shi ne tara kitse, da nunar huhu, da girman ƙwaƙwalwa. Wajen mako na 32 jariri kan kusa kilo 2, a na 36 ya haura kilo 2 da rabi, a cikar lokaci kuma yawanci tsakanin kilo 2 da rabi ne zuwa 4. Iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba ya daidaita sai wajen mako na 34, kuma a wannan mako nauyin ƙwaƙwalwa kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na abin da zai zama a mako na 40. Wannan ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan a zaɓi ranar tiyata ko tayar da naƙuda kafin mako na 39 don sauƙin wani, sai idan lafiyar uwa ko ta jariri ce ta tilasta. Zuwa mako na 36 yawancin jarirai sun juya kai ƙasa, kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ne kan rage a zaune, kuma gano haka a lokacin yana ba da damar a gwada juya shi daga waje ko a tsara yadda za a karɓi haihuwar.

Waɗannan alkaluma matsakaici ne, irin waɗanda manhajojin waya ke nunawa kowane mako, kuma manhajar ba ta taɓa ganin ɗanki ba. Abin da ke nuna halin da naki yake ciki shi ne awo a kai a kai. Ungozoma za ta sa ki ki yi fitsari, ki kwanta rigingine, ta lalubo saman mahaifa da gefen hannunta, ta ja tef daga saman ƙashin mara zuwa wurin. Daga mako na 24 zuwa na 36, adadin santimita kan yi daidai da adadin makonni, da ragi ko ƙarin 2, wato a mako na 30 ana sa ran 28 zuwa 32. Awo ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa, domin ƙiba, da ƙari a mahaifa, da tagwaye, da kwanciyar jariri, duk suna sauya shi. Jerin awon ne ke magana, kuma idan lambar ta tsaya wuri ɗaya a zuwa biyu a jere, ko ta yi tsalle, sai a tura mace hoto. Ki riƙa duba abin da aka rubuta a katinki, ki tambaya idan ba ki gane ba. Za a kuma saurari zuciyar jariri, wadda ke bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, a auna hawan jininki, a gwada fitsarinki. Nauyin da hoto ke ƙiyastawa shi ma yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, don haka ba a yanke hukuncin tiyata a kan wannan lamba ita kaɗai. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin mako 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40, tare da hoto ɗaya kafin mako na 24. Kin ga zuwan ya fi yawa a ƙarshe, saboda a nan ne hawan jini da tsayawar girma suka fi bayyana.

Tsakanin awo da awo, ma'aunin da ke hannunki shi ne motsi. Yakan ƙaru har wajen mako na 32, daga nan ya daidaita, yanayinsa ya koma miƙa da juyi maimakon shuri, amma ba ya raguwa don haihuwa ta matso, kuma maganar da ake yi cewa jariri kan yi shiru idan ya kusa fitowa ta jawo asarar da za a iya kauce mata. Barcinsa kan ɗauki minti 20 zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90. Ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi. Idan kika ji ya ragu ko ya sauya, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, kada ki bari sai gari ya waye, kuma kada ki dogara da ƙaramar na'urar sauraron zuciya ta gida, domin jin bugun zuciya bai nuna cewa jariri ba ya cikin wahala ba, wani lokacin ma bugun jijiyar uwa ake ji. Haka za ki yi idan kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannaye farat ɗaya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa a jere kafin 5 ga Disamba. Daga mako na 28 kuma an fi so ki riƙa kwanciyar barci a gefe maimakon rigingine, saboda nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Idan 26 ga Disamba ta zo ta wuce ba naƙuda, wannan abu ne da aka saba gani, musamman a cikin fari. Ki je awon mako na 40 kamar yadda aka tsara, a duba hawan jini, da kwanciyar jariri, da yawan ruwa. Wasu asibitoci kan yi tayin shafa bakin mahaifa da yatsa don a zaburar da naƙuda ta zo da kanta. Idan har 2 ga Janairu ba ki haihu ba, lokacin ne za a yi maganar tayar da naƙuda, domin bayan mako na 41 aikin mabiyiya kan fara ja da baya, ruwa ya ragu, haɗari ga jariri ya riƙa ƙaruwa a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara ne ga matan da aka tabbatar da shekarun cikinsu, wanda ke kina cikinsu albarkacin hoton da kika yi a watan Yuni. Ki adana takardar wannan hoto tare da katinki, ki tafi da su duk inda za ki haihu.